Wasiƙa zuwa ga masu shagunan kwamfuta na Batsari da Safana kan neman sunan kasuwanci



Ina yi muku sannu da aiki, ku ƙannena da ke zaune gaban kwamfuta a Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka, kuna cike wa jama'a fom, kuna yi musu rajistar sunan kasuwanci, kuna riƙe wa ƙungiyoyin manoma jerin sunayen membobinsu. Aiki ya ƙaru a hannunku tun da aka sa wa masu POS wa'adi a 2024 cewa su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dillalin rogo da mai sayar da taki da mai shagon magani, duk wanda ke son asusun banki da sunan sana'arsa, wurinku yake fara zuwa. Maganata ɗaya ce: neman suna a kwamfuta daban, rubuta shi a takarda daban. Wajen nema ku sassauta, wajen rubutawa ku tsananta.

Mu fara da nema. A ce mutum ya zo ranar kasuwa yana son a yi masa rajistar “Batsari Rogo Traders”. Ka buga sunan, ba ka ga kowa da shi ba, ka ce masa ya biya. Alhali wani ya riga ya yi rajistar “Rogo Traders Batsari”. Kalmomin uku ne a nan, uku ne a can, jerinsu kawai ya bambanta. Injin bincike da yawa haka suke: idan ka matsa musu, sai sun ga kalmomin a jere yadda ka rubuta, kamar yadda Google ke yi idan ka sa suna tsakanin alamun zance. Idan kuma ka sake musu, sai su kwaso maka duk abin da ke da “Batsari” ko “Traders” a ciki, wanda kake nema ya ɓace a tsakiya. Abin da kake buƙata yana tsakanin biyun: kalmomin nan duka, ba ƙari ba ragi, ko yaya aka jera su.

Wannan ba ƙaƙale ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 852, ta hana rajistar sunan da ya zo ɗaya da wanda ke akwai, ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗar mutane. Tun 1961 kotu ta hana wasu amfani da sunan Nigeria Chemists saboda akwai Niger Chemists, ga shi kuwa haruffa biyu ne kacal tsakaninsu. Idan hukuma ta ƙi sunan, kuɗin mutum da lokacinsa ne suka tafi, wataƙila ma ya riga ya sa an rubuta masa allon shago da rasit.

To yaya za a yi? A shafin binciken CAC, kada ku tsaya a bugu ɗaya. Ku juya kalmomin, ku sake bugawa. Ku nemi kalmar da ta fi fita daban ita kaɗai, domin “Rogo” ta fi “Traders” tace sunaye. A jerin da kuke riƙewa da kanku kuwa, ko a Excel ne, ku buɗe layi biyu. Layin farko suna ne yadda yake a satifiket, ba a taɓa shi. Layi na biyu mabuɗin nema ne, ga kuma yadda ake ƙera shi: a mayar da haruffa duka ƙanana, a cire aya da waƙafi da karan ɗori, a ware wutsiyoyi irin su Ltd da Nig. da Enterprises zuwa layinsu, sannan a jera sauran kalmomin bisa tsarin abacada. “Rogo Traders Batsari Nig. Ltd” zai koma “batsari rogo traders”. “BATSARI ROGO TRADERS” shi ma nan zai faɗo. Amma “Batsari Rogo da Gyaɗa Traders” ba zai faɗo ba, saboda yana da ƙarin kalma. Duk sunan da aka kawo, a ƙera masa mabuɗi ta wannan hanya a gwada da na jerin. Waɗanda suka fara koyon rubuta manhaja a cikinku za su tarar da wannan dabara a shirye cikin Elasticsearch da OpenRefine, da sunan fingerprint.

Sai dai manhajojin nan ba don sunayenmu aka tsara su ba, dole ku ƙara musu naku sanin. Gari ɗaya za ka ga an rubuta shi Dutsin-Ma da Dutsinma da Dutsin Ma. Ɗanmusa yakan zo da lanƙwasa, yakan zo babu, yakan zo a rabe gida biyu. Mohammed da Muhammad da Muhammadu duk suna yawo a takardun mutum ɗaya. Ku ajiye ɗan teburi na irin waɗannan, domin a cikin mabuɗi kowannensu ya koma siffa ɗaya, ɓ ta koma b, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k. A mabuɗi kaɗai, ban da satifiket.

Yanzu ga inda nake so ku fi buɗe kunne. Kama da wane ba ta wane. A wurinmu jerin suna yana da ma'ana: na farko na mutum ne, na biyu na mahaifinsa. Sani Musa daban, Musa Sani daban, ƙila ma ɗa ne da uba a gida ɗaya, kowa da shagonsa. Mabuɗi zai haɗe “Sani Musa Ventures” da “Musa Sani Ventures” wuri guda. Manhajojin da na ambata kuma sukan share kalmar da ta maimaitu, sai Bello Bello ya koma Bello kawai. Saboda haka mabuɗi aikinsa ya kawo muku waɗanda za a duba, ba shi ke yanke hukunci ba. Lamba ce ke yankewa: lambar RC ga kamfani, lambar BN ga sunan kasuwanci, NIN ga mutum. Kada ku taɓa goge suna daga jerin ƙungiya, ko ku haɗe biyu su zama ɗaya, don kawai kwamfuta ta ce sun yi kama. Idan jerin rabon taki ne ko na rancen noma, sunan da kuka goge haƙƙin wani magidanci ne, kuma za a tambaye ku a kansa.

Idan aka zo rubutawa, babu sassauci ko kaɗan. Ku karɓi takardar NIN a hannu ku kwafa harafi bayan harafi, sunan farko a gurbinsa, na mahaifi a gurbinsa. Ku tambaya ko haka yake a BVN, tun kafin a tura. Yawancin masu zuwa wurinku ba sa karanta boko, sun dogara da ku ne ɗungurungum, don haka ku karanta musu da ƙarfi su ji, su amince. Harafi ɗaya da ya kauce yana iya sa banki ya ƙi buɗe asusu, sai mutum ya kama hanyar Katsina ko Dutsin-Ma neman gyara, kun kuwa fi kowa sanin halin da hanyoyinmu suke ciki. Ku kuma faɗa wa mai nema tun farko cewa kalmomi irin su Federal da National da Cooperative da Group ba a sa su sai da izinin hukuma, kuma idan an keɓe masa suna, kwana 60 doka ta ba shi ya kammala.

Abu na ƙarshe, ku riƙa ajiye kwafin kowane satifiket da lambarsa a kwamfutarku da kuma a takarda. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin jihar nan na tsawon watanni. Wanda ya bar komai a intanet, a lokacin bai da abin nunawa.

Ƙannena, mutanen nan amana suke ba ku. Ku ɗauki ƙarin minti biyar a kan kowane suna: ku juya shi wajen nema, ku duba lamba, ku karanta wa mai shi kafin ku tura. Ku koya wa yaran shagonku haka tun ranar da suka fara zama gaban kwamfuta. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.

Wassalam.