Tsadar Tsohon Adireshi Ba Za Ta Sauya Intanet Ba

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a tsakanin masu harkar sadarwa shi ne cewa idan aka tsawwala kuɗin tsohon adireshin intanet, wato IPv4, kowa zai koma sabon, wato IPv6, ba tare da an tilasta masa ba. Adireshi a nan lamba ce da ake bai wa na'ura domin saƙo ya san inda zai sauka, kuma tsohon tsarin bai wuce lambobi kimanin biliyan 4.3 ba, waɗanda hukumar IANA ta gama rabon ragowarsu a watan Fabrairun 2011. A kan wannan hujja ce aka yi wa kamfanin Amazon tafi lokacin da sashensa na AWS ya fara cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane tsohon adireshi daga 1 ga Fabrairun 2024, abin da ya kusa dala 44 a shekara.

Wannan tunani yana da rami babba, domin tsare-tsaren biyu ba sa jin yaren juna kai tsaye. Mai ƙaramin shago a intanet da ya kunna IPv6 ba zai iya sakin tsohon adireshinsa ba muddin abokan cinikinsa na shigowa ta layin da bai san sabon ba, saboda haka zai ci gaba da biya yana ji yana gani, alhali kamfanin wayar da ya ƙi gyara na'urorinsa ko kwabo bai fita daga aljihunsa ba. Shi wannan kamfani dabararsa ita ce cusa ɗaruruwan mutane bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT, wanda ke sa shafi ya toshe mutum saboda laifin wani da bai taɓa gani ba. Abin takaici kuma, wanda ke karɓar kuɗin shi ne wanda ya tara kayan, domin a 2017 Amazon ya sayi miliyoyin adireshi daga jami'ar MIT. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Inda aka samu ci gaba na gaske, masu layi ne suka motsa. Kamfanin Jio na Indiya ya buɗe layinsa a 2016 da IPv6 a cikinsa tun daga tushe, hukumar ARCEP ta Faransa kuma ta sanya IPv6 cikin sharuɗɗan lasisin 5G. Afirka, wadda ta samu kaso mafi ƙanƙanta na tsohon rabo, ita ce tsada za ta fi yi wa illa, don haka wajibi ne hukumomi irin su NCC ta Nijeriya su ɗora sharaɗin a wuyan kamfanonin da ke riƙe da lasisi.