DAGA LOKESHIN: Kowa da burinsa, amma wa ke da asusu?

 

Idan kana so ka sha labari mai daɗi, to ka tambayi ɗan fim mene ne burinsa. Mu da muke yawon ɗaukar hira mun saba. Wannan ya ce maka so yake ya zama babban furodusa, waccan ta ce so take duniya ta san da ita, wancan kuma gida da mota da Makka duk a shekara guda. Allah ya cika wa kowa. Amma fa har yau ban ci karo da wanda ya ce mini burinsa shi ne ya riƙa ajiye naira ɗari biyar kullum ba. Wai ta yi kaɗan. To ka lissafa: ɗari biyar sau kwana 365, ta kama naira 182,500 ke nan.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, harkar nan tamu ba ta da albashi, ba fansho, ba garatuti. Ka yi aiki a sallame ka, shi ke nan. Kuma ba ta sallama idan za ta tsaya. A 2007, bayan abin nan da ya faru wanda ba sai na maimaita ba, gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim har wata shida, zamanin da Malam Abubakar Rabo ya karɓi Hukumar Tace Finafinai. Wasu suka kwashi kaya sai Kaduna, wasu suka zauna a gida. Daga baya kasuwar faifan sidi ta mutu murus, shagunan Ƙofar Wambai da ake rububin sabon fim suka koma sayar da wasu kayan. A 2020 kuma korona ta zo aka kulle gari. Sau uku ke nan cikin ƙasa da shekara goma sha biyar, kuma babu wanda aka aika wa takardar gargaɗi.

Kun tuna hirar da BBC Hausa ta yi da Hajiya Ladin Cima a 2022, inda ta ce abin da ake sallamarta da shi bai wuce dubu biyu zuwa biyar? Industiri ta ɗauki zafi, wasu furodusoshi suka musa, wasu suka goya mata baya. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'ar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matasan da suka yi ta cacar baki a kai, alhali da za ka titsiye ɗayansu ka ce nawa ya samu a watan jiya, wallahi sai dai ya yi ta sosa ƙeya.

Nan ne maganar take. Ka sayi ɗan littafi irin na 'yan firamare, ko ka buɗe waje a wayarka. Duk daren duniya ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin data da na ɗan sahu. Sati biyu kawai za ka yi ka gano ɓarawonka, kuma yawanci ba a waje yake ba. Anko ne, da liƙi a bikin wanda ko sunanka bai sani ba, da sabuwar shadda don kada a ce an gan ka da ta jiya. Sannan ranar da aka sallame ka, ka cire na ajiya tun kafin ka bar lokeshin, don in kuɗi ya kwana a aljihu ya riga ya zama na mai shayi. Adashi ma ya yi, in dai uwar adashin mai amana ce. Wanda bai yarda da kansa ba, ya buɗe asusun banki ya ƙi karɓar katin cirar kuɗi.

Akwai kuma wata dukiyar da ake ɓarnatarwa, wato zaman jira. Kowa ya san lokeshin: a kira ka ƙarfe tara, a ɗauki sin ɗinka bayan la'asar. Awa shida ana gulma da latsa waya. Me zai hana ka matsa kusa da mai kyamara ka ga yadda yake saita haske, ko ka roƙi edita ka zauna bayansa sau ɗaya a sati? Da kasuwa ta juya, waɗanda suka iya abu fiye da ɗaya su ne suka tsira. Lawan Ahmad jarumi muka san shi, amma a 2020 ya fito da Izzar So a YouTube ya buɗe wa kansa wata ƙofar.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Kun fi kowa sanin cewa yawancin jarumai mata ba su daɗewa ana yayinsu, ko aure ya zo ko a kawo sabuwar fuska. Wadda take ganin kira yau, to yau ɗin ne lokacin sayen keken ɗinki ko ɗaura ɗan jari, ba sai waya ta daina ƙara ba.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓo masu zuwa lokeshin ba su karanta sikirif ba. Su fara shiri.