An yi hasashe a Afrilu, ruwa ya ci gari a Agusta: ina labarin ya maƙale?

A ƙarshen watan Afrilun 2024, masana yanayi da na ruwa daga ƙasashen Sahel da yammacin Afirka sun haɗu a Abuja domin taron da suke yi kowace shekara kafin damina, wanda ake kira PRESASS. Sanarwar da suka fitar ba ta da ƙumbiya-ƙumbiya: ana sa ran ruwan sama zai zarce yadda aka saba a mafi yawan yankin Sahel, manyan koguna za su tumbatsa, akwai kuma haɗarin ambaliya. Cibiyoyin da ke jan ragamar wannan aiki, AGRHYMET da ACMAD, duk a Yamai suke da mazauni. Ta farkon tana nan tun 1974, a ƙetaren gada, kusa da jami'ar Abdou Moumouni.

Wata huɗu bayan haka, a ƙarshen Agusta, aka tafka ruwa a birnin Maraɗi wanda aka ruwaito ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Gidaje suka zube, aka yi asarar rayuka. Kwanaki kaɗan bayan nan, tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a kan idon jama'a, bidiyonsa ya zaga wayoyi har ƙasashen waje. Aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma sun zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora. Da aka gama lissafi, hukumomi sun ce kusan mutum 400 ne suka rasu a faɗin ƙasa, kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa.

Ba wanda zai ce hasashe na hana ruwa sauka. Amma mai gidan laka da ya ji labari tun watan Mayu yana iya sake yaɓe, ya gyara indararo, ya tayar da bakin ƙofa. Magajin gari yana iya sa a yashe magudanai kafin shara ta toshe su. Ɗan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Kumasi yana iya turo kuɗin siminti a watan Mayu maimakon kuɗin tabarma da bargo a watan Satumba. Ilimin yana nan, a cikin ƙasar ma aka dafa shi. Tsakanin teburin masani da makirufon ɗan jarida ne ya maƙale, kuma wurin da ya maƙale ɗin ana iya nuna shi da yatsa.

Wuri na farko harshe ne. Faransanci na da kalma guda ta abin da sama za ta yi yau ko gobe, da wata dabam ta ɗabi'ar ruwa da zafin wuri a tsawon shekaru talatin. Hausa ta haɗa su duka cikin "yanayi", har da halin da mutum ko ƙasa ke ciki. Idan mai gabatar da labarai ya ce "sauyin yanayi", dattijo a Gazawa zai iya fahimtar fitar sanyi da shigowar bazara ake nufi, abin da ya saba gani kowace shekara. Ita ma "hasashe" tana ɗauke da warin shaci-faɗi, wasu ma na jin ta kamar kutse cikin ilimin gaibu. Ga shi kuwa manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Wanda ya ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, shi ma alamu yake karantawa. Abin da masana suka ƙara shi ne ma'auni: zafin ruwan tekun Atalantika da na Fasifik, tafiyar iska, da bayanan damina na shekaru masu yawa.

Sai kuma lambobin. Hasashen damina ba ya zuwa da "e" ko "a'a". Taswira ce, a kan kowane yanki an rubuta lambobi uku, alal misali 45, 35 da 20. Ma'anarsu: kashi 45 cikin 100 ruwa ya wuce yadda aka saba, kashi 35 ya zo daidai, kashi 20 ya gaza. Ɗan jaridar da ke da minti ɗaya da rabi a labaran rana yakan taƙaita wannan da cewa "masana sun ce bana ruwa zai yi yawa". Da faɗin haka ya mayar da yiwuwa ta zama alkawari. Idan aka yi rashin sa'a kashi 20 ɗin nan ya faɗo a kan wani ƙauye, masani ya zama maƙaryaci ke nan a wurinsu, baɗi kuma ba mai saurarensa. Alhali akwai yadda za a faɗe shi da Hausar da kowa zai gane: cikin damina ashirin masu irin alamun bana, tara ruwa ya yi yawa, bakwai ya zo daidai, huɗu ya yi ƙaranci. Duk wanda ya taɓa sayen rago da wuri don Layya ya san irin wannan lissafi. Ya kamata a ƙara da cewa taswirar ta babban yanki ce, ba ta gonar kowa ba. A ƙasar nan hadari na iya zubarwa a Tibiri ya tsallake Jiratawa.

"Yadda aka saba" ɗin ma tarko ne. A bakin masana, matsakaicin ruwan shekarun 1991 zuwa 2020 ake nufi, ba wani abu ba. Tsohon da ya yi ƙuruciya a daminar shekarun 1950 da 1960, lokacin da ruwa ke wadace, da wanda ya buɗe ido cikin farin 1984, ba abu ɗaya suke ji ba idan aka ce "yadda aka saba". Jimla ɗaya ta isa ta warware wannan, amma sai ɗan jarida ya san akwai abin warwarewa.

Haka milimita. Kowace damina gidajen rediyo na karanto jerin garuruwa da ruwan da aka samu, wuri kaza milimita kaza, mai sauraro na jiran a ambaci garinsu kawai. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. To milimita 150 na Maraɗi jarka shida ke nan masu lita 25 a kan kowane irin wannan ɗan fili, a kan rufin soro, a tsakar gida, a kan titi, duk cikin awa ɗaya da rabi. Ya fi rubu'in abin da garin ke samu a shekara guda. Wanda aka yi wa bayani haka ba zai sake tambayar dalilin da ya sa katanga ta zauna ba.

Akwai wani bayani da ya fi duk waɗannan amfani ga manomi, wanda kuma ba kasafai yake fitowa a labarai ba: ranar da damina ta kama. A ma'aunin da masana aikin gona na yankin ke amfani da shi, ruwan farko ba shi ne farkon damina ba. Sai an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma ba a yi fari da ya wuce kwana 20 ba cikin kwana 30 masu biyowa. Taron na Afrilu yana fitar da hasashen farkon damina, ƙarshenta, da tsawon farin da ake tsoro a tsakiya. Ga gidan da tiyar irin da ya rage masa ba ta wuce ta shuka ɗaya ba, wannan ne labari, ba jawabin buɗe taro ba.

Kuskure na biyu ya fi na harshe haɗari, domin yana kama da wayewa. Yanzu duk abin da ya faru, sai a ce sauyin yanayi ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma an auna ta. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan adam na shekaru 35, ya nuna cewa manyan hadarin Sahel masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun 1982. Sun danganta haka da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi, abin da ke ƙarfafa iskar da ke haɗa irin wannan hadari. Shi ya sa manomi zai iya ganin fari da ambaliya cikin damina ɗaya. Bayan ambaliyar 2024 kuma, gungun masana na World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan damina ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100 a yankunan kogin Isa da tafkin Cadi.

A lura da adadin: kashi 5 zuwa 20. Ba ɗumamar duniya ce ta yanka filaye a kan hanyar ruwa ta sayar ba. Ba ita ta cika magudanai da leda ba. Maraɗi ta san ambaliya tun kafin a fara wannan magana: ruwan gulbi ne ya cinye tsohon gari a 1945, har aka tayar da shi zuwa kan tudu. Yau gari ya faɗaɗa, gine-gine na sake gangarawa wuraren da kakanni suka gudo. Ɗan jaridar da ya rufe rahotonsa da "sauyin yanayi" ya tsaya nan, ya yi wa mai sa hannu a takardar fili babbar alfarma, don ya ɗauke laifi daga ofishin da ke bayan kasuwa ya kai shi masana'antun Turai da Sin. Masani ne zai taimaka masa ya raba: wannan na sama ne, wannan kuma na hannun mutane.

Masanin ruwa kuma zai nuna masa inda zai sa ido. A Yamai akwai ma'aunin kogi mai matakai uku: santimita 530, 580, sai 620 wanda shi ne jan gargaɗi. A Satumban 2020 ruwan ya kai wajen 700, ya fasa madatsai, ya shiga unguwannin bakin kogi. Wannan cikar ta damina, mai jan ruwa, rassan Sirba, Dargol da Gorouol ne ke kawo ta daga ɓangaren Burkina Faso, don haka kogi na iya hawa ko da Yamai ba ta ga ɗigo ba a ranar. Gulbin Maraɗi shi ma daga Najeriya yake shigowa, ta madatsar Jibiya. Wakilin da ke Maraɗi yana bukatar sanin ruwan da aka yi a ƙasar Katsina kamar yadda yake bukatar na garinsu.

To me ya hana ɓangarorin biyu zama? Kowa na da ƙorafinsa, kuma duk suna da hujja. Masani na tsoron a yanke maganarsa a bar rabi, ko a sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Idan ma'aikacin gwamnati ne, sai ya jira izini daga sama, labari kuwa ba ya jira. Takardunsa da Faransanci suke fita, cike da taswira da taƙaitattun haruffa. Ɗan jarida kuma, musamman na gidan rediyo mai zaman kansa ko na karkara, shi ne na siyasa da safe, na kotu da rana, na kokawa da yamma, albashinsa ma ba kullum yake zuwa ba. Maganin da aka saba kawowa shi ne taron bita na kwana biyu a otel, a rarraba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. A ganina wannan ya fi amfanar masu rubuta rahoton aiki fiye da masu sauraro.

Abin da ake bukata ya fi haka arha. Cikin makon da hasashe ya fito, kafin ruwan shuka, ma'aikacin meteyo na jiha da malamin gona su zauna da masu gabatar da shirye-shirye na Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, da taswirar a gabansu, a yi ta juya kowace jimla har sai an samu wadda masani ya yarda ba ta karkace ba, ɗan jarida kuma ya yarda tsohuwarsa za ta gane. Daga nan a naɗi saƙon murya na minti biyu da sunan wanda ya yi magana da ranar da aka yi, domin ta WhatsApp ne labari ke isa Agadas, Sabha da Legas, ta nan ne kuma jita-jita ke bi. Kalmomin da za su zauna ba a ofis za a ƙirƙire su ba. Dabarar nan ta barin kututture ya sake tofo a gona, wadda ta mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin eka miliyan 5 ta Faransa a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, tana da dogon suna a takardun masana. A ƙauye "sassabin zamani" ake ce mata, kuma da wannan suna ta yaɗu.

Ba sai an jira Afrilu kaɗai ba. Duk tsawon damina, ma'aikatar meteyo ta ƙasa tare da ma'aikatun noma, kiwo da ruwa na fitar da rahoto kowane kwana goma kan ruwan da ya sauka, halin da shuka ke ciki, ƙwari da makiyaya. Kayan labari ne a shirye, sau uku a wata, ga duk gidan jaridar da ya ware mutum ɗaya ya riƙa bibiya.

Akwai kuma bashin da 'yan jarida ke bin masana, wanda zaman tare bai kamata ya shafe ba. A watan Oktoba, bayan an ɗaure dammuna, a ɗauko taswirar Afrilu a ajiye ta kusa da abin da ma'aunan ruwa suka nuna a Tasawa, Magarya, Ƙonni da Dogon Dutsi, a gayyato wanda ya gabatar da ita ya faɗa a rediyo inda ta dace da inda ta kauce, da dalili. A gayyato magajin gari shi ma, a tambaye shi ranar da hasashen ya iso teburinsa, da magudanai nawa aka yashe tsakanin wannan rana da ruwan farko.