Noman kokwamba a rumfar leda: Takin gida ne tushe, na zamani ciko

A yankunan da ke kewaye da Abuja da kuma kan tsaunukan Jos, rumfunan noma masu rufin leda sai ƙaruwa suke yi, kuma kokwamba na cikin abubuwan da aka fi shukawa a ciki, domin kafin wata biyu an fara tsinka. Sai dai da dama daga masu zuba jari a harkar sun shigo da al'adar gonar fili, musamman wajen taki, kuma daga nan asara ke farawa.

Masu goyon bayan takin zamani suna da hujja. Kokwamba shuka ce mai saurin girma da yawan ci, idan ta fara 'ya'ya kuma tana buƙatar sinadarin fotash da yawa, kullum. Kashin shanu ba ya sakin abincinsa da wannan hanzari. Takin da ke narkewa a ruwa, wanda ake turawa ta bututun ban ruwa na ɗigo-ɗigo, shi ke kai wa saiwa abin da take so a ranar da take so.

Abin da ake mantawa shi ne rufin da ke bisa shukar. A gonar fili, ruwan damina kan wanke ragowar taki ya gangara da shi ƙasa. A ƙarƙashin leda kuwa ba a ruwa. Duk buhun NPK ko yuriya da aka barbaɗa fiye da kima yana barin gishiri a saman ƙasa, zubi bayan zubi, kokwamba kuwa ba ta jure gishiri. Gefen ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa na jiƙe, manomi ya zaci yunwa ce ya ƙara taki. Ga kuma tsada: Najeriya na sarrafa yuriya a Lekki da Eleme, amma fotash daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma ya bi dala tun da aka saki naira a 2023.

Takin gida ma ba a zuba shi da ka. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, yana kuma iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su salmonela, ga shi kokwamba ɗanya ake cinta, sau da yawa har da ɓawonta. Dole a tara shi, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya huce, ya zama baƙi marar wari.

Irin wannan ruɓaɓɓen taki ya kamata ya zama shimfiɗar kowane kunya kafin shuka, saboda yana riƙe danshi, yana sassauta ƙasa, abin da buhun kanti ba ya yi. Takin ruwa ya biyo baya, kaɗan-kaɗan, bisa awo. Awon ne kuma ya yi ƙaranci. Hukumomin bunƙasa noma na jihohi da na Babban Birnin Tarayya su ne ya dace su sauƙaƙa gwajin ƙasa da na ruwan rijiyar burtsatse, tare da koya wa ma'aikatan rumfuna amfani da ƙaramar na'urar auna gishiri, wadda kuɗinta bai kai na sauya ƙasar rumfa guda ba.