Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Tsirrai da Cutar Mantuwa

Idan akwai dattijo a gidanku da ya soma mance sunayen jikokinsa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar komawa gida, na san ka sha shawarwari. Wannan ya ce a ba shi kurkum, wancan ya ce man kwakwa, wani kuma ya turo maka tallan wata kwalba ta WhatsApp. Sau da yawa akan miƙo mini irin wannan kwalba ta tagar ɗakin magani a asibitin da nake aiki, a ce: "Likita, wannan fa? Ai daga itatuwa aka haɗa shi, ba ya cutarwa."

Ra'ayina shi ne: fitowar abu daga tsiro ba ta isa hujjar cewa yana magani ba, ba ta kuma isa hujjar cewa ba ya illa ba. Gwaji ne kaɗai yake rarrabewa.

Ban faɗi haka don raina tsirrai ba, domin biyu daga cikin magungunan da likitoci ke rubutawa masu cutar Alzheimer, wadda ita ce mafi yawa a nau'o'in cutar mantuwa, asalinsu tsirrai ne. Galantamin an fara tatso shi daga wani fure da ke tsirowa a Bulgeriya da maƙwabtanta, Amurka ta amince da shi a 2001. Ribastigmin kuwa tushensa yana nan Najeriya, a waken Kalaba mai dafi, wanda a da ake shayar da wanda ake zargi da maita a ƙasar Efik. A 1864 masana suka ware sinadarin fisostigmin daga wannan wake. Da aka gwada shi ga masu mantuwa, sai aka ga ba ya daɗewa a jiki, ga tashin zuciya da amai. Daga baya aka ƙera ribastigmin a kan fasalinsa. Aikin magungunan nan biyu shi ne hana lalacewar asitilkolin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar da saƙo da shi. Duk da haka ba sa warkar da cutar, sassauta alamunta suke yi na wani lokaci.

To, dubi waɗanda suka shiga gwaji suka kasa. Ganyen ginko ya yi suna a duniya. A wani babban bincike a Amurka an bibiyi tsofaffi sama da 3,000 har kimanin shekara 6, wasu na shan ginko, wasu na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ginko bai hana kamuwa da mantuwa ba. Sinadarin kurkum ma ya ba da sha'awa a ɗakin gwaji, amma hanjin ɗan Adam kaɗan yake tsotsa daga gare shi, hanta kuma ta yi saurin kawar da shi, kuma gwajin da aka yi ga masu Alzheimer bai nuna amfani ba. Zuba kurkum a miya ba laifi, sai dai kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Sai batun illa. Ginko na iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko wafarin. Huperzin, wanda ake samu daga wani tsiron ƙasar Sin, aikinsa iri ɗaya ne da na magungunan asibitin da na ambata. Idan aka haɗa wa tsoho su biyun, tamkar an ninka masa magani ne: bugun zuciya ya ragu, amai da gudawa su biyo baya, har ya yanke jiki ya faɗi. Ka kuma sani, lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta an duba lafiyar shansu, ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalba ba.

Babbar asara ita ce ta lokaci. Ba kowace mantuwa ba ce Alzheimer. Ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin ƙullin maƙogwaro, da ciwon damuwa, da wasu magungunan barci, duk suna kawo ruɗewa, kuma ana iya magance su. Iyalin da suka yi shekara suna sayen kwalabe suna iya rasa wannan dama.

Saboda haka, kai dattijonka asibiti a bincika. Ka tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ka nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna ba tare da jin kunya ba. Kuɗin kwalba kuwa, gara a kashe shi wajen kula da hawan jini da ciwon sukari, da gyara ji da ganinsa, domin waɗannan suna cikin abubuwan da bincike ya danganta da haɗarin mantuwa. A riƙa zama da shi ana hira, ana fita da shi yana taka ƙasa.

Wataƙila maganin gobe yana cikin wani ganye a dajinmu, kuma ina fatan masananmu za su gano shi. Kafin nan, kada a mayar da iyayenmu abin gwaji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.