A Adana Gidan Balarabe Musa Tun Kafin Lokaci Ya Ƙure

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da jami'o'inmu a kan gidan marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan farar hula na farko na tsohuwar Jihar Kaduna, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 11 ga Nuwamba, 2020. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Muna da misalai biyu a gabanmu. Gidan Sardauna Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, shi ne yau Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja kuwa shi ne Mambayya, a hannun Jami'ar Bayero, kabarin Malam yana ciki, ɗalibai da 'yan siyasa na shiga suna fita. Da an bar gidajen nan biyu yadda ake barin sauran, da yanzu sai dai a nuna wa yaro wuri a ce nan ne a da.

Gidan da Balarabe ya yi zamansa a cikin Kaduna har ƙarshen rayuwarsa ya cancanci irin wannan gata. Matasan yau da yawa sunansa kawai suka sani. Mutumin Kaya ne a ƙasar Giwa, an haife shi a 1936, akanta ne, kuma ɗan gwagwarmayar talakawa tun zamanin NEPU. Ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979 a jam'iyyar PRP, lokacin Katsina da Daura da Funtuwa duk suna cikin Jihar Kaduna. Shi da takwaransa Abubakar Rimi na Kano suka soke haraji da jangali. Wanda bai ga zamanin haraji ba, ya tambayi kakansa. Magidanci yakan sayar da damin gero da ya ajiye wa iyali, ko akuya ɗaya tilo ta matarsa, don kada a ɗaure shi a ƙofar gidan dagaci a gaban 'ya'yansa. Wani da ya ji an fara zagaye sai ya sulale da asuba, ba a sake ganinsa sai kaka ta wuce. Bafulatani kuma yana kora shanu cikin dare zuwa wata ƙasa don gudun masu ƙidaya. Wannan ne aka sauke wa mutane daga ka.

Bai cika shekara biyu a kan kujera ba. 'Yan jam'iyyar NPN ne ke da rinjaye a majalisar dokokin jiha, suka ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin da ya aika, shi kuma ya ƙi sassautawa, ya yi ta mulki ba kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni, 1981 suka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Har gobe ana musu: wasu na cewa zalunci aka yi masa, wasu na cewa taurin kansa ne ya ja masa. Ni ina cikin masu ganin an zalunce shi. Amma musun nan kansa shi ne babban dalilin kirana, domin ba a raba gardama irin wannan da labarin baka. Sai da takardu: wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da majalisa, jawabansa, rubuce-rubucen da suka fito daga ofishin sakataren gwamnatinsa Dakta Yusufu Bala Usman, da abin da ya shafi rabuwar PRP gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. A ajiye har da hujjojin waɗanda suka tsige shi, mai karatu ya auna da kansa.

Kowa ya san yadda takarda ke ƙarewa a gidajenmu. A zuba ta a kwali a tura ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya, damina ta yi mata yoyo, gara ta shiga. Ranar da za a buɗe, sai a tarar da shafuka sun manne, tawada ta baje, hoto ya ci rabin fuska. Kaset ɗin hira kuwa zare yake zama. Ga kuma abin da ke faruwa da tsofaffin gidaje a manyan unguwannin Kaduna: da maigida ya kwanta dama aka raba gado, sai katafila ta zo, bayan wata shida ka ga otal ko jerin shaguna.

Ba ina cewa a ƙwace wa iyali gidansu ba ne, Allah ya kiyaye. Gado haƙƙin magada ne, shari'a ta ba su. Abin da ya dace shi ne gwamnati ta je musu da girmamawa, a zauna a tattauna. In sun yarda, a saya da daraja mai kyau ko a gina musu wani, a danƙa wannan ga Jami'ar Jihar Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello. In kuma sun fi son ci gaba da zama a ciki, to a nemi izininsu a ɗauki hoton takardu da hotuna a na'ura, a kai kwafi Gidan Arewa. Kada a miƙa gidan ga wata jam'iyya, kada kuma a yi masa kwaskwarimar da za ta sauya kamanninsa. Mutumin da ya yi gwamna ya koma ya yi shekara kusan arba'in yana karɓar 'yan jarida da talakawa ba tare da fadanci ba, ya kamata a ga wurin zamansa yadda yake.

Jihar Katsina ma tana da haƙƙi a nan, tunda gwamnanta ne kafin a raba jihar a 1987. Waɗanda suka yi aiki da shi, da waɗanda suka yi adawa da shi a majalisa, kullum raguwa suke yi. Ina roƙon gwamnonin Kaduna da Katsina da shugabannin jami'o'in nan su tura wakilai ga iyalan marigayin a cikin wannan shekara, a kuma fara naɗar bayanan dattawan da suka rage.



Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Kaduna