Basirar da Ke Cikin Foka Ita Ce Tarkon

Tun ranar 27 ga Janairun 2000, lokacin da dokar Shari'a ta fara aiki a Zamfara a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, caca ta zama laifi a fili. Amma yau tabarmar caca ta koma cikin waya, kuma ta zo da sabuwar hujja: wai foka wasan basira ce, ba caca ba. Dalibi a Ƙaura Namoda, ko yaron shago a kasuwar Shinkafi, ko matashi a Zurmi, duk wanda ke da data zai iya cin karo da wannan magana. Zagi ba zai rushe ta ba. Sai an san yadda ake wasan.

Nau'in da ya fi shahara shi ne Texas Hold'em, ana yin sa da kati 52. Kafin a raba, mutum biyu suna yin zubin dole, don kada tsakiya ta zama fanko. Sai a ba kowa kati biyu a rufe. Daga nan a buɗe kati biyar a tsakiya, waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Zagayen zuba kuɗi huɗu ne, kuma a kowanne mutum zai iya biyan abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya janye ya bar abin da ya riga ya sa. A ƙarshe kowa ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi daga bakwai ɗin da ke gabansa. Idan kuwa kowa ya janye saura mutum ɗaya, shi ke kwashe kuɗin ba tare da nuna katinsa ba. Nan ne burga take aiki.

To ina basirar? Tana nan, kuma musanta ta kuskure ne. Gwani ya san lissafi, ya san lokacin janyewa, yana karanta halin abokin wasa. Sai dai lissafin nan shi ne ke tona asiri. Hannun da ya fi kowanne, wato katin A guda biyu, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Ko ya zo, idan aka kara da mutum ɗaya, yakan faɗi kusan sau 15 cikin 100. Idan mutum tara suka bi shi har ƙarshe, ba ya cin ko kashi ɗaya cikin uku. Abin da kati ɗaya na ƙarshe zai iya kifar da shi, ga kuma kuɗi a kai, ai sunansa caca.

Sannan kuɗin da gwani ke ci daga ina suke fitowa? Teburin ba ya noma, ba ya saƙa. Daga aljihun sabon shiga suke fitowa. Ashe duk mai cewa wasan basira ne ya amsa da bakinsa cewa ɗan koyo nama ne.

Akwai kuma mai gidan, wanda ke cire la'ada daga kowane zubi. A ƙaddara mutum goma sun zauna da naira 10,000 kowanne, ana cire 200 a kowane rabo. Bayan rabo 100, naira 20,000 sun bar teburin, ba tare da mai gidan ya riƙe kati ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu talla suna son labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003. Ba sa ambaton cewa mutum 839 ne suka shiga, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi yawansu hannu rabbana suka koma gida.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Saboda haka nauyin yana wuyan Gusau. Hisba za ta iya watsa 'yan karta a gindin bishiya, amma ba za ta iya leƙa kowace waya ba. Abin da ya rage shi ne malamai da iyaye su san wasan, har su iya zaunar da yaro su yi masa wannan lissafi kafin kuɗin makarantarsa su zama la'adar wani.